Fiyanon da Ya Ƙi Fita

Litinin, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau ma sai da na sake bayani a ɗakin malamai. Malamin lissafi ya tare ni wajen shan shayi ya ce, "Malama, an ce za ku ɗauki albam kai tsaye. A wane zaure? A ajiye mini kujerar gaba." Kowa haka yake zato, wai kai tsaye sai da 'yan kallo da tafi. Na ce masa babu zaure, babu tafi. Ɗaki ɗaya ne, mu huɗu a ciki, a rufe ƙofa, a ƙirga huɗu, kowa ya shiga tare. Ba irin na yanzu ba, mai ganga ya zo yau, mai waƙa ta zo jibi, a yi ta ɗinki har waƙa ta haɗu alhali masu ita ba su ga juna ba. Mu abin da ya faru a minti shidan nan shi ne waƙar, da kyansa da tabonsa.

Ya ce, "To idan wani ya yi kuskure fa?"

Na ce, "Mu rungume shi, ko mu sake daga farko, dukanmu."

Ya ce shi ya sa ya zaɓi lissafi.

Shekara talatin da ɗaya ina koyar da kiɗa, ban taɓa shiga situdiyo ba sai yanzu da nake da hamsin da takwas. Kuma da wa? Da yarana, waɗanda suka wuce ta ajina. Dogo mai bes, ƙaton gogen Turawa da ake kaɗawa a tsaye, wanda ya zo mini kayan kiɗan ya fi shi tsawo, yanzu shi ke sunkuyawa a ƙofa. Tela mai ganguna, da rana yana kan keken ɗinki, ƙafarsa ba ta san hutu ba. Sai Auta, muryarmu, ma'aikaciyar jinya, wadda na tsinta a bayan aji tana rera waƙa cikin hannun rigarta don kada a ji. Ni kuma ina kan fiyano. Shekara huɗu muna haɗuwa a falona duk Laraba da Asabar. Waƙa bakwai, a salon kiɗan jaz da buluz, masu nauyi, masu tafiya a hankali, duka namu ne. Biyar wannan Asabar, sababbi biyu ta sama.

Laraba, ƙarfe bakwai da kwata na yamma

Gwajin ƙarshe. A "Benci na Uku", waƙar da Auta ta rubuta a kan masu jiran layi a asibitinsu, Tela ya riƙa dukan gefen ganga, ƙwas, ƙwas, kamar mai tashin wanda ya makara. Na tsaya na ce, "Lafiya? Ko mai ɗinki ke jiranka a shago?"

"A'a Malama, na ce ko mu ɗan ɗaga ta ne."

"Buluz ba a korar ta, Tela. Raka ta ake yi, kamar mai tsallakar da tsohuwa titi."

Dogo ya ce, "To wace ce tsohuwar a nan?" Auta ta jefe shi da matashi. Muka yi ta dariya. Tela ne kawai bai yi ba, yana ta ɗaure kusoshin gangarsa.

Kofi ya suɓuce mini da nake kawo musu shayi. Na uku ke nan a watan nan. Na sha faɗa, mariƙin kofunan nan ƙarami ne. Maigida ya share yana satar kallon hannuna, abin ban haushi.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Mun yi! Biyar a rana ɗaya!

Situdiyon yana saman wani shagon buga takardu. Matakala ashirin da biyu, na ƙirga, domin Dogo ya hau su da bes a bayansa yana kiran sunayen kakanninsa. Ɗaki ne babu taga, an lulluɓe bango da soso da tsofaffin dardumai, ga fiyano a kusurwa, ya tsufa amma da mutuncinsa. Injiniya gajere ne mai furfura a gemu, da safa yake yawo ba takalmi. Ya jera makirfo tara, sannan ya tara mu kamar 'yan aji ɗaya.

Ya ce, "Ku saurara. A ɗaki ɗaya kowane makirfo yana jin kowa. Na ganga yana jin fiyano, na murya yana jin bes. Wanda ya yi tari, a wuri tara zai fito. Kada wani ya zo mini gobe ya ce a gyara masa nasa shi kaɗai."

Na ce, "Injiniya, ka ƙwace mini darasin Litinin."

Na ɗora matashina a kan benci, na murɗa shi ya yi daidai da tsayina, aka rufe ƙofa. Sau huɗu muka yi "Benci na Uku". A ta huɗu muryar Auta ta tsage a layin ƙarshe, ba ta tsaya ba, ta wuce da tsagar. Tsigar jikina ta tashi. Ni kuwa ban taɓa jin sarari a kiɗa irin na yau ba, kowane sauti da filinsa.

Ɗakin akwai sanyi. Na roƙa a kashe na'urar sanyaya ɗaki, aka ce ai a kashe take saboda ƙara. To ko ma mene ne, hannun hagu ya ji shi.

Da aka gama suka shige wurin Injiniya don sauraro. Na ce su je, ni ba na son jin kaina da ɗuminsa, sai ya huce. Na zauna ina kallonsu ta gilashi ba na jin komai. Dogo ya dafe kai. Tela yana nuna wani abu a allon kwamfuta. Auta ta juya wa gilashin baya. Na ce a raina, dubi yadda abin ya taɓa su. Da suka fito Auta ta rungume ni, ta daɗe ba ta sake ni ba.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Ina ta murmushi ni kaɗai a kicin. Maigida ya ce ko na ci gasa ne bai sani ba.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Auta ta kira ina tsakar duba takardun jarrabawa.

"Malama, an ɗaga Asabar. Wayoyin wutar situdiyo ne suka ƙone."

"Subhanallahi! Abin da muka ɗauka fa?"

"Yana nan, yana nan." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma gobe ba zan samu zuwa ba, an sauya mini lokacin aiki. Su Dogo ma sun ce a bari kawai."

Muryarta kamar mai karanta sanarwa. Gajiya ce. Yarinyar nan wuni take a tsaye.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Na je asibitin da Maigida ya daɗe yana matsa mini in je. An sa ni taɓa babban yatsa da sauran yatsu ɗaya bayan ɗaya, ana kallon agogo. Da dama, sannan da hagu. Aka sa ni tafiya zuwa ƙofa in dawo. Ni da nake sa yara irin wannan! An ce in dawo bayan mako uku.

Ba zan rubuta sauran ba. Wannan littafin na kiɗa ne.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na dafa shayin mutum huɗu kafin na tuna.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Yau ma babu gwaji. Na ɗauki wata riga da hannunta ya ɓarke na kai wa Tela, don dai in ga ɗaya daga cikinsu. Yana hango ni ya miƙe har almakashi ya faɗi.

"Malama da kanki? Ai da kin aiko."

"In aiko wa? Kun ɓace mini kamar masu gudun aikin gida."

Ya yi 'yar dariya, ya karɓi rigar, ya hau keke nan take. Ni kuma ina ta zuba, ina gaya masa yadda na sake wa sabuwar waƙar gada, wato mahaɗar da ke tsakiyarta. Idona ya kai bayan labule inda yake jibge gangunansa. Babu komai sai buhun ƙyallaye.

"Ina kayan aikin?"

"Suna situdiyo."

"A ɗakin da wuta ta kama ka bar su?"

Ya taka keken da ƙarfi har ba ma jin juna. Da ya tsaya ya ce, "Ai ba ta kai can ba." Ya miƙo rigar yana kallon ɗinkin. Ya ɗinke hannun da jikin rigar. Tela, wanda ko maɓalli ba ya sa wa a karkace.

Ban nuna masa ba. Ba na zargin kowa. Ina rubutawa ne kawai.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Bari in bi shi daki-daki, kamar yadda nake ce wa yara.

Na tashi daga makaranta da wuri, na ce bari in biya situdiyo in ɗauko matashina da na manta. Fitilun matakala a kunne. Babu warin ƙuna. Injiniya ya buɗe ƙofa da fara'arsa.

"Malama! Allah ya kawo ki. Zo ki ji wahalar da kika ba ni."

Ya zaunar da ni a kujerarsa yana dariya, ya ɗora mini hedifon a kunne. "Benci na Uku" ce. Ga Tela, ga Dogo. Sai fiyano ya shigo, kuma ba nawa ba ne.

Kafin layi biyu na san mai shi. Gaggawa. Ɗalibina ne shekara goma sha biyar da suka wuce, ni na laƙaba masa sunan, domin shekara biyu na yi ina riƙe masa wuyan hannu kafin ya daina tsere da waƙa. Yanzu a manyan otal yake kiɗa. Yadda yake mirgina hannun hagu daga ƙaramin yatsa zuwa babba, ni na gina shi.

Injiniya ya ce, "Yanzu saurari can ƙasa." Ya danna wasu maɓallai, komai ya ɗauke sai makirfon ganga. Can bayan bugun Tela ga wani fiyano, siriri, kamar daga gidan maƙwabta.

"Kin ji ki? Na kashe makirfonki biyu, ya ɗora nasa a kai ranar Asabar, amma kin ƙi fita. Kina cikin ganga, kina cikin bes, kina cikin muryar yarinyar. Tun ranar farko na gaya musu. Yanzu in aka haɗa sai a ji fiyano biyu."

Ya mayar da duka. Na ji su. Ɗaya yana sauka tare da ƙafar Tela. Ɗayan yana isowa bayan an wuce.

Ban san yadda fuskata ta yi ba, amma dariyarsa ta tsaya.

"Malama, sun ce mini kin sani. Sun ce ke kika ce a kira shi."

Na ce, "E, na sani."

Har yanzu ban gane abin da ya sa na rufa musu asiri ba. Na tambaye shi mafita, muryata ƙalau. Ya ce babu wata sai a sake duka daga farko, ɗaki ɗaya, fiyano ɗaya, waƙa bakwai. Ba gobe ba, Asabar ta sama. Ita kaɗai ta rage masa, daga nan zai yi tafiyar aiki ta wata huɗu.

Matashina yana ƙasa a kusurwa. An saukar da benci. Na ɗauka na yi sallama.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Ban yi fushi ba.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Na gaya wa Maigida bayan mun ci abinci. Ina jira ya zabura. Sai ya ajiye cokali a hankali ya gyara shi ya yi daidai da faranti.

Na ce, "Ka sani."

"Dogo ya same ni a wurin aiki, kusan mako biyu ke nan. Ya ce ba su san ta inda za su fara ba. Na ce su bari sai kin ga likita."

"Kai ma."

"Na ce su jira, ban ce su yi miki ƙarya ba. Wallahi ban san zancen wani mai fiyano ba."

"Amma ranar da nake murmushi a kicin kana tsokana ta?"

"Lokacin bai zo ba tukuna."

"Ranar da na dafa shayin mutum huɗu fa?"

Ya ɗauke farantin. Shi ne ya zubar da shayin ranar, ya wanke kofunan.

Da alli na rubuta wa yaran nan uku a allo, kowannensu a shekararsa: idan ɗan'uwanka ya kauce a kiɗa, gaya masa a ɗakin, a take, kana kallonsa. Na sa su yi wa juna. Na sa su yi mini. Auta tana aji biyu ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malama, kin tsallake layi." Na ba ta alawa a gaban kowa.

Ban yi fushi ba. Ina mamaki ne.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Gaggawa ya kira. Na ga baƙuwar lamba na ɗauka.

"Malama, ɗanki ne, mai tsere da waƙa! Tun makon jiya nake son in kira, kunya ta hana ni. Na gode da kika tuna da ni. Da Dogo ya ce ke kika ce a nemo ni, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Na ce duk ɗaliban Malama, ni?"

Na ce, "Kai ɗin."

"Yaya jikin? Sun ce hutu kike so ki yi."

"Da sauƙi."

Sai na ji bakina yana cewa, "A 'Benci na Uku', bayan amshi na biyu, kana cika wurin da yawa. Bar wa mai waƙa fili ta yi numfashi."

"To Malama. Bari in rubuta."

Na ji yana neman biro. Na kashe wayar na shiga aji, na koyar da minti arba'in a kan alamomin shiru a rubutun kiɗa. An ce darasin ya yi daɗi.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Injiniya ya gaya musu na je. Dogo ya zo da ledar lemo, ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa a bakin ƙofa, gwiwoyinsa har kunne.

"Malama, gwaji ne kawai. Mun ce bari mu ji yadda zai yi."

"Gwajin da aka ƙona wayoyin wuta dominsa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya yi ta kewaye, wai suna tausayin bayana, wai matakalar ta yi yawa, wai sunana ne zai fito a saman albam da manyan baƙaƙe. Na bar shi ya gama. Can sai ga abin da ya kawo shi: koren littafina. Sababbin waƙoƙin biyu babu su a ko'ina sai a ciki, da fensir, kuma ba tare da su ba albam ɗin biyar ne da rami.

"Wa ya aiko ka?"

"Babu kowa."

"To babu kowan ya zo da kansa."

"Malama..."

"Dogo, ka yi mini bayanin bayana, da matakala, da manyan baƙaƙe. Saura dalilin. Faɗa mini."

Ya shiga gyara ledar lemon. Mutum mai 'ya'ya biyu.

Na ce, "Littafi yana nan. Kuma ka sani, ranar Asabar ƙafafuna lafiya lau suke. Ina iya hawa ashirin da biyun nan in zauna a benci, in ga wanda zai tashe ni a cikinku."

Ya tafi ya bar lemon. Yana da zaƙi, abin haushi.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Maigida ba ya nan. Na rufe tagogi, na kunna metronom, na'urar da ke ƙirga bugu, na jingina waya a kan fiyano tana ɗauka, na yi "Benci na Uku" daga farko zuwa ƙarshe. Na ji daɗinta ƙwarai. Sannan na koma kujerar da Tela ke zama na saurara.

Na goge.

Na sake yi, wannan karon ina kallon hannun kamar mai gadin jarrabawa. Na saurara.

Na goge.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Na yi fushi.

Sau uku na je gidansu Auta na zauna gaban mahaifinta kafin ya yarda ta riƙe makirfo. Na rubuta wa Dogo wasiƙar da ta sama masa aiki. Ranar da Tela ya faɗi jarrabawa a falon nan ya yi kuka. Ban yi don a biya ni ba. Amma mutum uku, da bakuna uku, a rasa ɗaya? Sun gwammace su goge ni da maɓalli. Kuma ko gogewar ba su iya ba. Shekara huɗu ina gaya musu yadda ɗaki yake ji.

Na goge takalmin da nake kiɗa da shi. Na ajiye a bakin ƙofa. Asabar jibi ce.

Juma'a, ƙarfe shida da rabi na yamma

Auta ta zo. Ƙarfe huɗu, da kayan aikinta, ko gida ba ta biya ba. Ta gaishe ni ta zauna a ƙasa kusa da fiyano. Na ce ta hau kujera, ba makoki ake ba.

"Malama, ki yi haƙuri."

"Da me?"

"Da duka."

"Duka ba amsa ba ce. Ko a jarrabawa ba na ba ta maki."

Ta fara kuka. Na miƙa mata hankici na jira. Na iya jira, sana'ata ce.

"Ni na kira ki na ce wuta ce," ta ce. "Ni na ce a gaya wa Injiniya kin sani. Su Dogo sun so a zo a same ki, ni na hana. Na ce ba zan iya ganin fuskarki ba."

Wannan ban san shi ba. Na ɗauka Dogo ne. Na ɗan kama gefen kujera.

"To ga fuskar. Ba ki zo don littafi ba?"

"Na zo don ke."

"Littafin yana kan fiyano, kina ganinsa. Takalmina kuma yana bakin ƙofa, kin tsallake shi da za ki shigo. Ɗaya ne zai je situdiyo gobe. In kina so ya zama littafin, gaya mini dalili."

"Kin riga kin sani."

"Na ji daga Injiniya, na ji daga waya. Daga gare ku ne ban ji ba."

"Malama, ba zan iya ba."

"Kullum kina gaya wa mutane abin da ya fi wannan a bakin gado. Faɗa."

Ta yi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Da ni kike ko da darduma? Ɗago kai."

Ta ɗago. Idanunta sun yi ja. Ta ja numfashi.

"Kina makara. Hannun hagunki yana makara, mu kuma muna jiranki, sai waƙar ta zauna. Tela yana ja, ke kina riƙewa. Ba za a iya fitar da shi haka ba."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Tun bara. Na lissafa Larabobi da Asabobi, da shayi, da dariya, da "kai Malama, yau kin kashe mu." Na bar lissafin.

Na ce, "Kin ga? Ko rabin minti bai kai ba."

Na tashi na ɗauko littafin da hannun dama. Na buɗe mata shafi na goma sha ɗaya na nuna inda na sake gadar, na ce Gaggawa ya bi fensir mai duhu, mai hasken tsohon tunani ne. Na ce a cire sunana daga masu kiɗa, a bar shi a masu rubutu, da ƙananan baƙaƙe kamar na kowa. Ta rungume littafin a ƙirji.

"Kin yafe mana?"

"Ban kai nan ba tukuna. In na kai zan gaya miki, da bakina."

"Za ki zo gobe? Ko bayan gilashi ne ki zauna."

"A'a."

Ta kai ƙofa, ta sunkuya ta kawar da takalmin gefe, sannan ta tsaya da hannu a kan mariƙi.

"Malama, waƙa ta bakwai. Bayan dogon shirun nan. Ban taɓa sanin inda zan shiga ba, girarki nake kallo. In kin ɗaga sai in shiga. Tun ina aji ɗaya haka nake yi, a kowace waƙa."

Wannan ma ban sani ba. Shekara goma sha huɗu.

Na ce, "Gobe babu gira. Shirun bugu shida ne. Ki ƙirga shi a cikinki, kada ki kalli Tela, kada ki kalli kowa, ki shiga a na bakwai. In kin makara, akwai mutum uku a ɗakin, sai mu ga ko wani zai gaya miki. Je ki gwada."